Tashar nukiliyar da ba ta taɓa kai ƙarar kanta ba, ita nake tsoro

Na daɗe ina bibiyar rahotannin da tashoshin lantarki na nukiliya a Amurka ke aika wa hukumar da ke sa musu ido, wato NRC, waɗanda take fitarwa a fili kowace ranar aiki. Babu wani armashi a cikinsu. Wannan tasha ta ce janaretanta na ko-ta-kwana ya ƙi tashi da aka gwada shi. Waccan ta ce tukunyarta, wato inda ake farfasa yuraniyam don samar da zafi, ta kashe kanta saboda wani famfo ya tsaya. Wata kuma ta ce jiniyoyin gargaɗi da ke garuruwan kewayenta sun daina aiki na wasu sa'o'i bayan guguwa. Kusan kowanne yana ƙarewa da cewa babu abin da ya sami ma'aikata ko jama'a, kuma an sanar da sufeton hukuma da ke zaune a tashar.

Da na nuna wa wani abokina, sai ya riƙe baki ya ce in dai kullum sai wani abu ya lalace, ai waɗannan wurare bam ne da ke jiran ranarsa. Na fahimci tsoronsa. Amma ni duk ranar da na ga jerin nan ya yi tsawo, hankalina ya fi kwanciya. Inji mai dubban bawuloli da famfuna da wayoyi dole wani abu ya lalace a cikinsa, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Tashar da ta shekara ba ta rubuta ko lalacewa ɗaya ba, ba wai komai nata lafiya ba ne. Ko dai ba ta dubawa, ko kuwa ta ga abin ta yi gum.

Sai an san yadda tukunyar nukiliya take kafin a gane dalilin da ya sa janaretan da ya ƙi tashi a ranar gwaji ya zama labari. Ita ba kamar injin dizal ba ce da za ka murɗa makulli ya mutu ya huce. Ko an dakatar da farfashewar yuraniyam gaba ɗaya, ɓurɓushin da ya riga ya taru a cikin makamashin yana ci gaba da fitar da zafi, kimanin kashi 6 zuwa 7 cikin 100 na ƙarfin tukunyar a daƙiƙun farko. A babbar tukunya wannan ya kai megawat 200 na zafi. Yana raguwa, amma ba ya ƙarewa a kwana ɗaya ko mako ɗaya. Dole ruwa ya ci gaba da zagayawa, ruwa kuwa sai da famfo, famfo sai da lantarki. Shi ya sa ake ajiye janaretoci biyu, uku, wani wurin huɗu, da batura, da famfunan da aikinsu kawai jira. Matsalar kayan jira ita ce ba ka sanin sun mutu sai ka taɓa su. Janaretan da ya ƙi tashi ranar Talatar da aka gwada shi, mai yiwuwa ya yi makonni a mace, tashar tana ta aiki da zaton tana da garkuwa biyu alhali ɗaya ta rage. In kuma laifin daga wani ƙarfe ne da kamfani ɗaya ya ƙera, to akwai wasu tashoshi a wasu ƙasashe da ke zaune da irinsa ba su sani ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Ranar 24 ga Satumba 1977, a tashar Davis-Besse da ke jihar Ohayo, wani bawul mai rage matsin tukunya ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ruwan sanyaya tukunya ya dinga tsiyayewa ta nan. Ma'aikatan ɗakin kula da na'urori suka ga ma'aunin ruwa na hawa a wani tanki, suka zaci ruwa ya yi yawa, suka kashe famfunan gaggawa masu ƙara ruwa. Horon da aka ba su ke nan. Bayan kimanin minti 20 suka gane abin da ke faruwa, suka toshe hanyar. Allah ya sa tukunyar tana kan kashi 9 cikin 100 na ƙarfinta ne, babu abin da ya ƙone.

Akwai waɗanda suka ga haɗarin. A kamfanin Babcock & Wilcox da ya ƙera tukunyar, injiniya Joseph Kelly ya rubuta takarda a Nuwamba 1977, Bert Dunn ya rubuta tasa a Fabrairu 1978, yana cewa da abin ya faru tukunya na kan cikakken ƙarfinta, da akwai yiwuwar makamashin ya fito daga ruwa ya lalace. Suka nemi a aika wa duk tashoshi masu irin wannan tukunya umarni bayyananne. Takardun suka yi ta yawo daga tebur zuwa tebur a cikin kamfanin.

Da ƙarfe 4 na asubahin 28 ga Maris 1979, wata 18 bayan na farko, a tashar Three Mile Island da ke jihar Fensilbeniya, tukunyar kamfani ɗaya, bawul mai aiki iri ɗaya ya buɗe ya maƙale. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna kamar ya rufe, alhali abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. Suka ga ma'aunin ruwa na hawa, suka rage famfunan gaggawa, sak yadda na Ohayo suka yi. Sai dai su tukunyarsu na kan kashi 97 cikin 100, kuma sai da aka yi sa'a 2 da minti 20 da 'yan kai kafin wani ya toshe hanyar. Kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Kwana biyu bayan nan Gwamna Dick Thornburgh ya shawarci mata masu juna biyu da ƙananan yara da ke cikin mil 5 su tashi, mutum wajen 140,000 suka bar gidajensu.

Ana cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To wanda ba a gaya masa gemun ɗan'uwansa ya kama ba fa? Mutanen da ke bakin aiki a wannan asubahin ba jahilai ba ne, tsofaffin ma'aikatan jiragen ruwan yaƙi masu nukiliya ne. Shafi guda da ke cewa in ka ga kaza da kaza kada ka taɓa famfunan nan, da ya wadatar. An rubuta shafin. Bai iso ba.

Wani abu da ya kamata a lura da shi: Davis-Besse ta kai rahotonta ga hukuma a 1977. Ba ɓoyewa aka yi ba. An karɓa, an ajiye cikin dubban irinsa, ba a sami wanda ya zauna ya ce wannan ya shafi wasu ba. Kwamitin da Shugaba Jimmy Carter ya naɗa ƙarƙashin John Kemeny ya nanata wannan a rahotonsa na Oktoba 1979. Don haka in na ce a yi rahoto, ba tara takarda nake nufi ba. Rahoton da bai kai ga idon mai riƙe da makunni a wata tashar ba, bai gama tafiyarsa ba.

Bayan nan an gyara abubuwa da yawa, kuma ya kamata a yaba. Kamfanonin Amurka suka kafa cibiyar INPO a Atlanta a ƙarshen 1979 don su dinga musayar irin waɗannan labarai. Doka ta sa lokaci: in aka ayyana dokar ta-ɓaci a tasha, cikin minti 15 a sanar da hukumomin jiha da na yanki, NRC kuma kada ya wuce sa'a 1. Lalacewar da ba ta kai gaggawa ba, wata cikin sa'a 4, wata cikin sa'a 8, sannan cikakken bayani a rubuce cikin kwana 60, da dalilin faruwar abin da matakin hana maimaituwarsa. Duniya ma ta bi sahu da WANO, ƙungiyar masu gudanar da tashoshin nukiliya ta duniya, a 1989.

Amma doka ba ta iya buɗe idon wanda ya zaɓi runtsewa, kuma abin takaici, a Davis-Besse ɗin dai aka sake gani. A Maris 2002 aka gano rami a murfin tukunyar, girmansa ya kai ƙwallon da Amurkawa ke bugawa. Ruwa mai sinadarin boron ya yi shekaru yana ɗiga ta wata tsaga, ya cinye ƙarfe mai kaurin kusan santimita 15, abin da ya rage tsakanin ruwan tukunya mai matsi ninki 150 na iskar da muke shaƙa da waje bai kai santimita 1 ba, shi ma har ya fara kumbura. Alamu kuwa sun yi ta kiran mutane. Matatan na'urorin auna guba da ake canzawa wata-wata suka koma toshewa da tsatsa kusan kullum. Akwai hoton da aka ɗauka a shekarar 2000 da ke nuna jan tsatsa na gangarowa daga murfin. Kowace alama aka ɗauke ta ƙaramin aikin gyara, a canza matata a wuce. Tashar ta yi shekara 2 a rufe, NRC ta ci kamfanin FirstEnergy mai tashar tarar dala miliyan 5.45, ya kuma biya dala miliyan 28 a 2006 saboda bayanan da ba gaskiya ba da aka bai wa hukuma.

Na Koriya ta Kudu ya fi ba ni haushi saboda lokacinsa. Ranar 9 ga Fabrairu 2012, wata 11 kacal bayan haɗarin tashar Fukushima ta Japan, tukunya ta 1 a tashar Kori ta rasa lantarki baki ɗaya na minti 12 tana cikin hutun gyara, janaretan gaggawa ya ƙi aiki. Shugabannin tashar suka yanke shawarar kada a faɗa. Sai bayan wata guda hukuma ta ji. Minti 12 ɗin bai cutar da kowa ba. Watan nan guda shi ne laifin, domin a cikinsa an mayar da tukunyar bakin aiki ba tare da hukuma ta san garkuwarta ta taɓa faɗuwa ba. Ba a jima ba aka bankaɗo takardun ingancin kayan gyara na jabu a tashoshin ƙasar, har aka gurfanar da mutum wajen 100 a 2013. Wurin da ake iya ɓoye abu ɗaya, in ka tona za ka sami na biyu.

Haɗarin tashar Chernobyl kuwa, a Yukren zamanin Tarayyar Sobiyet, ɓoyewa biyu ce a jere. Ta farko tun kafin haɗarin. A 1983, a tashar Ignalina da ke Lituweniya, an gano cewa sandunan da ake zurawa don kashe irin wannan tukunya, a wani yanayi, suna fara ƙara mata ƙarfi na 'yan daƙiƙu kafin su rage. Wato birki ne mai fara taka totur. Ba a bayyana wa masu aiki da tukunyar wannan ba. Da ƙarfe 1:23 na daren 26 ga Afrilu 1986 aka danna makunnin kashewa a tukunya ta 4 ta Chernobyl, ta tarwatse. Rahoton farko na 1986 ya ɗora kusan duka laifin a kan ma'aikata, sai a 1992 ƙwararrun IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, suka sake nazari suka mayar da kaso mai yawa kan ƙirar tukunyar da rashin isar da bayani.

Ta biyu bayan haɗarin. Mutanen Pripyat, garin da ke dab da tashar, kusan 49,000, sai da suka yi wajen sa'a 36 suna harkokinsu kafin motoci su zo kwashe su. Duniya ba daga Mosko ta fara ji ba, daga Suwidin ne, inda na'urorin tashar Forsmark suka kama guba a jikin ma'aikaci ranar 28 ga wata. Abin da ya fi ciwo shi ne madara. Sinadarin aidin mai guba yana sauka a ciyawa, saniya ta ci, yaro ya sha madara, ya taru a maƙoshinsa. Rabin ƙarfinsa na gushewa duk kwana 8, don haka hana shan madarar yankin na 'yan makonni da raba ƙwayar aidin mai kyau da wuri, da sun tare mafi yawan cutar. Folan ta yi haka, ta ba miliyoyin yara aidin. A Belarus da Yukren da Rasha, zuwa 2005 an ƙirga sankarar maƙoshi sama da 6,000 a cikin waɗanda suke yara lokacin. Sanarwa a rediyo ce ta rasa zuwa a kan kari. A Satumba 1986 aka ƙulla yarjejeniyar sanar da maƙwabta cikin gaggawa a Biyana.

Wannan ya kawo ni ga ɓangaren da na ga ana yi wa riƙon sakainar kashi, wato shirin ko-ta-kwana. Mutane na ganin lalacewar famfo ita ce lalacewa, shirin kwashe jama'a kuwa takarda ce da ke cikin durowa. A'a. Jiniya na'ura ce, layin wayar da ya haɗa tasha da ofishin gwamna na'ura ce, motocin da aka yi alkawarin za su zo, da direbobinsu, da gadar da za su bi, duk kayan aiki ne masu lalacewa. A Amurka an ware mil 10 kewaye da tasha don kare mutane daga hayaƙin guba, da mil 50 don kare abinci da ruwa, ana cikakken atisaye duk shekara 2, kuma in babban kaso na jiniyoyi ya mutu wajibi ne a kai rahoto kamar yadda za a kai na famfo. Tashar Shoreham a jihar Niyok an gama gina ta a kan dala biliyan 6 ko kusa da haka, ba ta taɓa sayar da lantarki ba, saboda hukumomin yankin sun ce babu yadda za a kwashe mutanen tsibirin Long Island, inda take, lafiya. Wasu na kiran wannan asara. Ni ina ganin an ɗauki tambayar da muhimmancin da ya dace da ita.

Ba a fafe gora ranar tafiya, Fukushima kuwa ranar tafiya aka nemi fafewa. Girgizar ƙasa mai maki 9 ta 11 ga Maris 2011 ta katse wayoyin lantarki, igiyar ruwa mai tsayin mita 14 zuwa 15 ta haure shirin da aka yi na mita 5.7, ta cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda janaretoci suke. Tun 2008 lissafin cikin gida na kamfanin TEPCO mai tashar ya nuna ruwa zai iya kai mita 15.7. Ranar 7 ga Maris 2011 aka kai wa hukuma wannan adadi, saura kwana 4. Kuma shi ne kamfanin da a 2002 aka kama da murɗa takardun binciken tukwane har shugabansa ya sauka.

To dubi abin da ya sami shirin gaggawa. Cibiyar da aka tanada don jagorantar agaji, kilomita 5 daga tashar, ba ta da matatar iska mai tare guba, hanyoyin sadarwarta suka yanke, ranar 15 ga wata aka tashi daga cikinta. Akwai na'urar hasashen inda iska za ta kai guba, mai suna SPEEDI, ba a fitar da sakamakonta ga jama'a ba a kwanakin farko. Mutanen garin Namie suka gudu arewa maso yamma zuwa Tsushima, daidai inda gubar ta nufa. Tsofaffi da marasa lafiya daga asibitin Futaba aka ɗora su a motocin bas ba tare da isassun masu jinya ba, aka yi ta yawo da su sa'o'i, gommai suka rasu. A lardin Fukushima, waɗanda aka lissafa sun mutu saboda wahalar gudun hijira da zaman sansani sun haura 2,000. Wannan adadi ya kamata ya hana duk mai rubuta shirin gaggawa barci. Kwashe mutane shi kansa yana kisa in ba a gwada shi da gaske ba. Kwamitin majalisar Japan ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa ya ce a 2012 bala'in aikin ɗan'adam ne.

Saboda haka ni atisayen da aka gama kowa ya tafa hannu, aka rubuta komai ya tafi daidai, ban yarda da shi ba. Atisayen kirki shi ne wanda aka yi shi da dare, aka yanke waya da gangan, aka ce gada ta karye, sannan aka fito aka rubuta cewa an makara minti kaza wajen sanar da gari kaza, asibiti kaza bai da motar ɗaukar masu kwance. Kuma a bar mutanen yankin su karanta, tunda su za a ɗora a motocin.

Akwai masu cewa yawan rahoto na cinye lokacin ma'aikata, kuma yana ba abokan gaba bayanin inda rauni yake. Na biyun gaskiya ne a abin da ya shafi tsaron tasha daga hari, wannan a riƙe shi tsakanin tasha da hukuma. Na farkon kuwa shi ne hujjar da ƙungiyar kamfanonin nukiliya ta Amurka, NEI, ta kawo a 2018 da ta nemi a soke wajabcin kiran gaggawa kan lalacewar da ba ta kai dokar ta-ɓaci ba, tana cewa ai sufetocin hukuma na zaune a kowace tasha. Ban goyi bayansu ba. Abin da sufeto ya ji a kunnensa daban yake da abin da aka rubuta kowa ya gani. Na biyun ne ɗan jarida da malamin jami'a da injiniyan wata ƙasa za su iya jerawa su ga cewa wannan bawul ɗin ya maƙale sau uku a wurare uku.

Mu ma da ke waje muna da namu kason, kuma wannan ne ya sa na zauna rubutun nan. Tun 1990 akwai ma'aunin INES na girman haɗarin nukiliya, daga mataki 1 zuwa 7, Chernobyl da Fukushima kaɗai suka kai 7, Three Mile Island na kan 5. Mafi yawan abin da ake rahoto bai ma hau ma'aunin ba. Amma da zarar wata tasha ta ce famfonta ya tsaya, sai ka ga kanun labari da jan rubutu, ana turawa daga waya zuwa waya cewa an kusa hallaka. Manajan da ya faɗi gaskiya ya sha zagi mako guda, maƙwabcinsa da ya yi shiru ya kwana lafiya. Me muka koya wa na uku? A 2006 tashar Forsmark ta fito ta ce janaretoci 2 cikin 4 sun ƙi haɗuwa da layi lokacin da wuta ta ɗauke. An tsayar da wasu tukwane a Suwidin don dubawa, wasu ƙasashe suka koma kan tsarin lantarkinsu. Wannan da abin da aka yi a Kori ba abu ɗaya ba ne, ko da na'urar da ta gaza iri ɗaya ce. Na farko a yi masa tambayoyi masu zafi a kuma saurare shi. Na biyu kotu ce wurinsa. In muka haɗa su muka yi musu ihu ɗaya, mun taimaki mai ɓoyewa.

Haka a cikin tashar ma. Ma'aikacin da ya murɗa bawul ba daidai ba da ƙarfe 3 na dare, ba wanda ya gan shi, ya gyara kafin komai ya faru, shi kaɗai zai yanke shawarar ko ya rubuta. In ya san kora ce ke jiransa, ba zai rubuta ba, kuma alamar da ke jikin bawul ɗin da ta ruɗe shi tana nan tana jiran na gaba.

Yanzu haka tashar Zaporizhzhia a Yukren, mafi girma a Turai mai tukwane 6, tana hannun sojojin Rasha tun Maris 2022. Sau da dama ta rasa duk layukan lantarkin da ke shigo mata, ta koma kan janaretocin dizal. Kowane ɓangare na ɗora wa ɗayan laifi. Abin da duniya ke iya dogaro da shi shi ne 'yan jami'an IAEA da ke kwana a cikinta tun Satumba 2022, suna aiko da irin bayanan nan marasa armashi: layi nawa ya rage, janareta nawa ke tashi, dizal na kwana nawa ke cikin tanki.